Malami ya karya kwantiragi a ƙasar waje: me ke faruwa da bizarsa?

Tambayar da ke ta yawo tsakanin malaman da suka fita koyarwa ƙasashen waje, da ma waɗanda ke shirin fita, ita ce: na sa hannu a kwantiragin shekara biyu, na je na tarar abin ba haka aka faɗa min ba, idan na ajiye aikin bayan 'yan watanni shi kenan na ƙone? Za a soke min biza? Za a hana ni sake shiga ƙasar? Wata ƙasar ma za ta gani a kwamfuta ta ƙi ni? Masu ba da amsa sun kasu biyu kuma kowane ɓangare da irin nasa gangancin. Wasu su ce maka ai ba komai, tattara kayanka ka hau jirgi ba wanda zai bi ka. Wasu kuma su tsorata ka su ce sunanka ya shiga baƙin littafin duniya gaba ɗaya, kai da aikin waje sai dai ka gani a waya.

A fahimtata, barin aikin shi kansa ba kasafai yake kashe mutum ba. Abin da ke jawo rigima shi ne yadda aka bar shi, da ƙasar da aka bar shi a cikinta, da kuma abin da makarantar ta rubuta wa hukuma bayan tafiyarka.

Kwantiragi daban, biza daban

Nan ne ruɗanin yake farawa. Kwantiragi yarjejeniya ce tsakaninka da makaranta, idan ka saɓa ta magana ce ta ma'aikaci da mai aiki, iyakarta diyya ko kotun ƙwadago, a mafi yawan ƙasashe ba laifin da ake ɗaure mutum a kansa ba ne. Ita kuwa biza tsakaninka ne da gwamnati, makaranta ba ta da ikon bayarwa kuma ba ta da ikon hana ka shiga ƙasa da kanta. Kuma abin da muke kira biza a dunƙule yawanci abu uku ne: takardar shiga da ake mannawa a fasfo, izinin aiki, da izinin zama.

To me ya haɗa su? Makarantar ce ta tsaya maka a wajen gwamnati. Ita ta ce ina buƙatar wannan mutumin, ni zan ɗauki nauyinsa, a kan haka aka ba ka izinin. Ranar da ta koma ta ce ba ya tare da ni, ƙafar da izinin ke tsaye a kai ta goce. Kuma dole ne ta koma ta faɗa, doka ce ta wajabta mata, ko da kun rabu kuna dariya. Bambancin kawai shi ne me za ta rubuta: ya ajiye aiki bisa ƙa'ida, ko kuwa ya ɓace ba mu san inda yake ba.

Sai kalmar karyawar ita kanta. Wanda ya rubuta takarda ya ba da notis ɗin da kwantiragi ya tanada, ya zauna ya cika kwanakin, a doka bai karya komai ba ko da shekara biyun ba su cika ba, matuƙar akwai sakin layin da ya ba da damar hakan. Wanda ya karya shi ne wanda ya tafi ba notis, ko ya tafi alhali kwantiragin bai ba shi ƙofar fita ba. Mafi muni a ciki shi ne gudun dare. Albashi ya shigo ranar Alhamis, malami ya cire kuɗinsa kaf, ya ajiye makullin gidan makaranta a kan tebur, littattafan yara da bai gama dubawa ba suna jibge a aji, sai da jirgi ya sauka sannan ya tura imel mai layi biyu, ko ma kar ya tura. Ranar farko ta mako yara su zauna suna jira. Wannan shi ne irin tafiyar da ke bin mutum.

Ƙasashen Larabawa: inda kafili ke da baki

A nan ne maganar ta fi nauyi saboda tsarin kafala, wato ɗaure zaman baƙo da aikinsa a hannun kafili, mai aikin da ya ɗauki nauyinsa, duk da an sassauta shi sosai a 'yan shekarun nan kuma mutane da yawa har yanzu tsohon labari suke bayarwa.

A Hadaddiyar Daular Larabawa sabuwar dokar ƙwadago, doka mai lamba 33 ta 2021, ta fara aiki ranar 2 ga Fabrairu 2022. A ƙarƙashinta kowane ɓangare zai iya kawo ƙarshen kwantiragi da notis na kwana 30 zuwa 90 gwargwadon abin da aka rubuta, wanda bai cika notis ba zai biya ɗaya ɓangaren albashin kwanakin da suka rage. Lokacin gwaji ba ya wuce wata shida, kuma a cikinsa idan kana son barin ƙasar notis na kwana 14 ne, idan kuwa wata makarantar za ka koma a cikin ƙasar wata ɗaya ne, sabuwar makarantar ce za ta biya tsohuwar kuɗin da ta kashe wajen kawo ka. Amma idan ka yi ɓatan dabo fiye da kwana bakwai a jere, makaranta na iya kai rahoto ma'aikatar ƙwadago, sakamakon kuwa shi ne hana ka sabon izinin aiki na shekara ɗaya. Shekara ɗaya fa, ba har abada ba kamar yadda ake yaɗawa. Kuma dokar ta bar wa ma'aikaci ƙofa: idan makaranta ce ta saɓa, misali ta riƙe albashi, za ka iya tafiya ba notis amma sai ka sanar da ma'aikatar kwana 14 na aiki kafin nan, ta bai wa makarantar damar gyarawa. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, suna da gaskiya ɗari bisa ɗari amma ba su kai ƙara ba, sai suka tafi kawai, a takarda kuma su ne masu laifi.

Saudiyya ta ɗan fi tsauri. Kwantiragin baƙo a can mai wa'adi ne, kuma sashe na 77 na dokar ƙwadago ya ce wanda ya yanke shi ba da halattaccen dalili ba zai biya diyyar albashin watannin da suka rage, sai dai in kwantiragin ya faɗi wani adadi, kuma ba za ta gaza albashin wata biyu ba. Ka lissafa da kanka, wanda ya rage masa wata goma sha huɗu me zai biya. Tun 14 ga Maris 2021 aka kawo sauyin da ya ba ma'aikacin kamfani mai zaman kansa damar sauya kafili ta manhajar Qiwa bayan shekara ɗaya, ko nan take idan an yi wata uku a jere ba a biya shi ba, ko iƙamarsa, wato izinin zamansa, ta ƙare ba a sabunta ba. Abin da kowa ke tsoro shi ne hurub, wato kafili ya kai rahoton cewa ka gudu. Shi ma an rage masa kaifi a 2022, yanzu akwai kwana 60 da mutum zai nemi wani kafilin ko ya karɓi huruj na ƙarshe, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, kafin a rubuta shi a matsayin wanda ya gudu. Idan kwanakin suka wuce, to an koma zaman ɓoyo, ƙarshensa tarhil, wato a tasa ƙeyarsa gida, da hanin dawowa aiki. Malaman jami'o'in gwamnati kuma nasu tsarin daban ne, kar su ɗauki wannan kai tsaye.

Katar ta cire buƙatar takardar amincewar kafili kafin sauya aiki a 2020. Notis wata ɗaya ne ga wanda bai wuce shekara biyu ba, wata biyu ga wanda ya wuce, wanda kuma ya bar ƙasar bai cika ba sai ya shekara kafin ya dawo aiki.

Abu ɗaya da ya shafi dukkansu: riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokokinsu. Duk makarantar da ta ce kawo mu ajiye maka don tsaro, tun daga nan ka san da wa kake hulɗa.

Chaina da Koriya: rigimar takardar sallama

A Chaina ana shiga ne da biza mai harafin Z, a cikin kwana 30 a mayar da ita izinin zama, kuma izinin aikin sunan makaranta guda ne a jikinsa. Dokar kwantiragin aiki ta ƙasar da ta fara aiki a 2008 ta ba ma'aikaci damar ajiye aiki da rubutaccen notis na kwana 30, ko kwana uku a lokacin gwaji. A takarda abin da sauƙi. A aikace kuwa kana buƙatar abu biyu daga hannun makarantar da kake bari: takardar sallama mai jan hatiminsu, da shaidar cewa an soke tsohon izinin aikinka. Idan babu su, sabuwar makaranta ba za ta iya nema maka izini ba, don a kwamfuta har yanzu kai ma'aikacin wancan wurin ne. To nan ne wasu makarantun ke riƙe wuya, su ce sai ka biya kuɗin karya kwantiragi kafin su buga hatimi, ko su yi ta jan ƙafa har izinin zamanka ya kusa ƙarewa. Akwai kwamitin sasanta rikicin ƙwadago da ofishin kula da ma'aikata baƙi da ake kai kuka, kuma sau da yawa kiran waya ɗaya daga can ya isa, amma ana buƙatar haƙuri da wanda ya ji yaren.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne mutum ya gaji da jira ya fara koyarwa a sabon wuri kafin takardu su fito. Wannan ya tashi daga saɓa kwantiragi ya koma aiki ba bisa ƙa'ida ba, dokar shige da fice da ta fara aiki a Yulin 2013 ta sa tarar yuan 5,000 zuwa 20,000, idan abin ya yi tsanani har da tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Wuce wa'adin zama kuma yuan 500 ne kowace rana har zuwa 10,000, wanda aka tasa ƙeyarsa kuma ana iya hana shi dawowa shekara 1 zuwa 5.

Koriya ta Kudu kusan haka take. Bizar E-2 ta masu koyar da harshe a ɗaure take da makarantar da ta kawo ka, kuma don ka sauya wuri kafin wa'adi sai mai makarantar ya ba ka takardar sallama, wadda ba dole ba ne ya bayar. Idan ya bayar za ka iya komawa wani wuri ko ka sauya zuwa D-10 ta masu neman aiki. Idan ya hana, yawanci sai dai ka fita ka sake haɗa takardu daga farko. Ga kuma kuɗin sallama na kusan albashin wata guda da ba a samu sai an cika shekara cif, shi ya sa ake yawan kuka da masu makarantun da ke ƙirƙiro laifi a wata na goma sha ɗaya. A sani dai, E-2 ta koyar da Turanci an keɓe ta ne ga 'yan ƙasashe bakwai, a nahiyar Afirka Afirka ta Kudu ce kaɗai a ciki.

Japan ita ce ta fita daban. Izinin zaman naka ne ba na makaranta ba, idan ka bar aiki ka sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14, ka nemi wani aikin irin wanda izinin ya halatta. Sai ka yi wata uku kana zaune ba dalili sannan za a iya soke shi.

Birtaniya da Amurka

Tun Fabrairun 2023 da Ingila ta buɗe wa malaman wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Ghana, ƙofar neman shaidar ƙwararren malami a darussa irin su lissafi da kimiyya, maganar ta ƙara shafar mutane da yawa. A can idan ka bar makarantar da ta ɗauki nauyin bizarka, tana da kwana 10 na aiki ta sanar da ma'aikatar cikin gida, ita kuma yawanci sai ta rage maka wa'adi zuwa kwana 60. A cikinsu ko ka samu wata makarantar mai lasisin ɗaukar baƙi ka cika sabuwar biza, ko ka fita. Ba wanda zai hana ka dawowa saboda ka ajiye aiki. Wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 30 shi ake hana wa shiga, mafi ƙaranci shekara ɗaya. Abin da baƙi ba su cika sani ba shi ne a mafi yawan makarantun gwamnati na Ingila da Wales ranaku uku ne na ajiye aiki: 31 ga Oktoba, ƙarshen Fabrairu, da 31 ga Mayu. Ka kuskure ranar da kwana ɗaya, sai ka ƙara zangon karatu guda, sai dai in shugaban makaranta ya ga dama ya sake ka.

A Amurka malamai da yawa da bizar J-1 ta musaya suke zuwa, shekara uku, ana iya ƙara biyu. Mai tsaya maka a nan wata ƙungiya ce da gwamnati ta amince da ita, ba makarantar ba, kuma idan ta rufe fayil ɗinka a matsayin wanda aka kora daga shirin, kwana 30 na haɗa kaya da ake ba wanda ya kammala lafiya ba ka da su. Masu H-1B, bizar ƙwararrun ma'aikata, suna da har kwana 60 bayan barin aiki. Sannan akwai wani abu da ya fi bizar ciwo ga wasu, wato lasisin koyarwa. A jihar Texas misali, wanda bai ajiye aiki kwana 45 kafin ranar fara karatu ba, ya tafi ba izini ba kuma dalili mai ƙarfi, hukumar makarantun na iya kai shi ƙara, hukuncin kuma yana iya kai wa ga dakatar da lasisinsa, yawanci na shekara guda.

Ita makaranta me take cewa?

A yi adalci, tana da hujja. Ta biya ejan, ta biya kuɗin biza da tikiti, ta kama gida, ta shafe watanni tana bin takardu, sai a tsakiyar zango malamin lissafi na ajin da zai zana jarrabawar ƙarshe ya ɓace. Samun wani a watan Nuwamba ba wasa ba ne, kuma yaran ne ke kwana ciki. Duk wanda ya taɓa karɓar ajin da aka gudu aka bari ya san abin da nake nufi.

Amma ni dai ban yarda da masu cewa duk wanda ya karya kwantiragi maci amana ne ba. Akwai wanda aka yi wa alkawarin darasi ashirin a mako ya tarar da talatin da biyar, akwai wanda aka kawo da bizar yawon buɗe ido aka ce ya fara aiki za a gyara daga baya, akwai rashin lafiya da rasuwa a gida. A Yulin 2021 da Chaina ta taka wa cibiyoyin lesin masu zaman kansu birki, wurare da yawa sun rufe, a nan makarantun ne suka bar malamai da izinin da ba shi da mai shi. A Amurka ma, a 2012 wata kotun tarayya ta yanke diyyar dala miliyan 4.5 ga malamai 'yan Filifin kusan 350 da wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kai jihar Louisiana ya tatse su da kuɗaɗe. Idan aka ɗaure izinin zaman mutum a ƙugun mai biyansa albashi, dole wani ya yi amfani da damar.

Shin akwai baƙin littafin duniya?

Babu wata rajista guda da ƙasashe ke dubawa su ga wane ya karya kwantiragin koyarwa. Hanin Daular Larabawa na Daular Larabawa ne, ofishin jakadancin Japan ba ruwansa da cewa ka bar wata makaranta a Riyad. Abin da ke tsallaka iyaka shi ne laifin shige da fice. Fom ɗin biza na ƙasashe da yawa yana tambaya: an taɓa korarka daga wata ƙasa, ka taɓa wuce wa'adi, an taɓa hana ka biza? Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya da New Zealand kuma suna musayar bayanan yatsu a tsakaninsu. Wanda ya yi ƙarya a fom aka kama shi, a Birtaniya hanin zai iya kai shekara 10, a Amurka kuwa na dindindin ne sai in an yi masa afuwa ta musamman.

Baƙin littafin gaske a bakin mutane yake. Makarantun ƙasa da ƙasa duniyarsu ƙarama ce, shugabanninsu sun san juna, suna haɗuwa a tarukan ɗaukar malamai, kuma saboda ƙa'idojin kare yara sabuwar makaranta kusan dole ta tuntuɓi shugaban makarantarka ta ƙarshe, ba wanda kai ka zaɓa ba. Manyan kamfanonin haɗa malamai da makarantu ma suna iya cire wanda ya gudu daga rajistarsu. Wasu sai su share wannan shekarar daga takardar tarihin aikinsu, amma hatimin shiga da fita yana nan a fasfo, kuma sabuwar ƙasa na iya neman takardar shaidar 'yan sanda daga inda ka zauna, wadda samunta daga nesa bayan ka gudu aiki ne ja.

Aljihu da iyali

Kafin a zo maganar hani, kuɗi ne ke fara tafiya. Yawancin kwantiragi suna da sakin layin mayar da kuɗin tikiti da alawus ɗin zaunawa, wasu gaba ɗaya wasu gwargwadon watannin da suka rage, kuma daga albashin ƙarshe ake zarewa. Garatuti a Daular Larabawa albashin kwana 21 ne na kowace shekara a shekaru biyar na farko, amma sai an cika shekara ɗaya, wanda ya tafi a wata na goma ba shi da ko sisi. Idan kwantiragin harshe biyu ne, a ƙasashen Larabawa na Larabcin kotu ke bi, don haka wanda ya karanta na Turanci kaɗai bai gama karatu ba. Wanda kuma ya ci bashin banki ko ya ɗauki mota a kan albashi, bankin na iya kai ƙara a hana shi fita ko a jira shi ranar da zai sake biyowa, wannan ba ruwansa da makaranta sam.

Mai iyali nasa ya fi. Bizar mata ko miji da ta yara a jikin taka suke rataye, a ƙasashen Larabawa ma sai an daidaita tasu kafin a soke taka. Gidan makaranta za a karɓe, inshorar lafiya ta tsaya, yaran da ke karatu kyauta saboda kai malami ne a wurin su rasa gurbi a tsakiyar zango. Idan kwanakin alfarma da ake bayarwa bayan soke izinin zama suka ƙare ba a fita ba, a Daular Larabawa tarar dirhami 50 ce kowace rana, kuma a kan kowane mutum ake lissafawa, har da jaririn da ke goye.